Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gidajen Rediyonmu: Aretha Franklin Da Buhunan Da Ke Bayan Ɗakin Janareta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, manajoji da shugabannin sashen shirye-shirye na gidajen rediyo masu magana da Hausa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikata, ina yi muku sannu da aiki. Na san abin da kuke fama da shi: man janareta, albashin ƙarshen wata, da masu talla waɗanda ba sa biya sai ɗan aike ya ƙare takalminsa.

Ni tsohon ma'aikacin rediyo ne. Kusan duk shekarun aikina a ɗakin ajiyar fayafayi na yi su, ina shigar da faifai a littafi, ina goge masa ƙura, ina bin masu gabatarwa su dawo da abin da suka ara. Amma ba da bakina kaɗai nake magana ba. Akwai dattawan da muke haɗuwa bayan la'asar a ƙofar shagon wani mai gyaran rediyo, tsofaffin malaman makaranta da wani direban tirela da ya ajiye sitiyari, sannan akwai wasu iyaye mata na Zumuntar Mata da suka aiko da nasu saƙon ta hannun maƙwabcina. Su suka ce in rubuta, tunda ni na san cikin gidan.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, wani gidan rediyo da ba zan kama sunansa ba ya soke shirin tsofaffin fayafayi na daren Lahadi, ya sayar da sa'ar ga mai tallar maganin basir. Da na ji an ce har ɗakin ajiyar ma an kwashe za a mayar da shi ofis, sai na hau ɗan acaɓa na je. Na tarar da fayafayin a buhunan shinkafa bayan ɗakin janareta, na sama duk rana ta lanƙwasa su. Na sa hannu na zaro ɗaya. Hoton wata mata ne a bangon, sanye da kaya irin na Afirka da ɗaurin kai, a gefe kuma ga lambar da na rubuta da hannuna, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Yaron da ke gadi ya ga na tsaya ina kallo, ya ce, "Baba, kiɗan Turawa ne fa, wa zai ji?"

Ban ga laifin yaron ba. A bakin rediyo ya ji ana kiransa kiɗan Turawa, kuma shi ne ƙorafinmu na farko.

Matar da ke jikin bangon ita ce Aretha Franklin. An haife ta ranar 25 ga Maris, 1942, a birnin Memfis da ke Kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba wa baƙar fata da farar fata makaranta da kujerar bas da famfon shan ruwa. Tsatson mutanen da aka kwasa daga nahiyarmu aka kai bauta ce. Mahaifinta, C. L. Franklin, daga gonakin audugar Misisifi ya fito, ya zama fasto, ya kai iyalinsa Detroit inda ya riƙe majami'ar New Bethel. Mutum ne mai murya, har wa'azinsa ake ɗauka a faifai ana sayarwa kamar waƙa. Mahaifiyarta Barbara ma tana waƙa tana kaɗa fiyano, amma auren ya rabu Aretha tana shekara shida, kuma uwar ta rasu a 1952 kafin yarinyar ta cika goma. Fiyano da kunne ta koye shi, ba da takarda ba. Manyan mawaƙan bishara na lokacin, irin su Mahalia Jackson da Clara Ward da James Cleveland, gidansu suke sauka, tana gefe tana saurare. A 1956, tana da shekara 14, aka fara ɗaukar muryarta a cikin majami'ar mahaifinta.

To ina Baturen yake a nan?

Kiɗan da ake kira sol, wanda aka naɗa ta sarauniyarsa, salon waƙar cocin baƙaƙen fata ne aka ɗauko aka ɗora masa maganar duniya: so, talauci, kishi, mutunci. Jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, jama'a su tafa, jagora ya sake dawowa da ƙarfin da ya fi na farko. Ban ce daga Kano ko Katsina suka ɗauko ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a wurin amada, ko ya ji makaɗi da 'yan amshinsa suna miƙa wa juna waƙa, kunnensa ba zai yi baƙunta ba. Shi ya sa a shekarun 1960 da 1970 samarin Najeriya da Gana suka rungumi wannan kiɗa, James Brown ya zo Najeriya a 1970, a Accra kuma aka yi gagarumin wasan mawaƙan sol ranar 6 ga Maris, 1971, ranar bikin 'yancin Gana. Katunan zaɓen waƙa da na riƙa jerawa a akwati shaida ne. Ba wanda ya tilasta wa masu sauraro su nemi waɗannan waƙoƙi, su suka riƙa sayen kan sarki suna aikowa.

Abin dariya ma, lokacin da aka so a mayar da ita mai waƙar Turawan, abin bai karɓe ta ba. A 1960, tana shekara 18, ta tafi Niyok ta shiga kamfanin faifai na Columbia. Shekara shida suna yi mata ado da kayan kiɗa masu taushi, muryar tana nan amma kasuwa ba ta buɗe ba. Sai da ta koma kamfanin Atlantic, furodusa Jerry Wexler ya zaunar da ita a kan fiyano ya ce makaɗa su bi ta, sannan ruwa ya samu hanya. A Janairun 1967 aka yi wannan zama a wani ƙaramin situdiyo a Muscle Shoals ta jihar Alabama, kuma don gaskiya, yawancin makaɗan da suka bi bayanta ranar fararen fata ne 'yan karkara. Turawan labarin ke nan, suna baya, ita tana gaba.

Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Fabrairu, ta ɗauki waƙar Respect, wato mutunci. Otis Redding ne ya rubuta ta ya fitar a 1965, kuma a bakinsa magidanci ne yake neman matarsa ta girmama shi idan ya dawo daga nema. Aretha ta juya ta, ta sa 'yar'uwarta Erma da ƙanwarta Carolyn suna amshi, sai ta zama mace ce take cewa a ba ta mutuncinta. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A watan Yuli na shekarar Detroit ta kama da wuta, rikici tsakanin baƙaƙen fata da 'yan sanda ya ci rai 43. A irin wannan yanayi mutane suka ji kalmar mutunci daga bakinta, masu yaƙi da wariyar launin fata suka ce tasu ce, mata ma suka ce tasu ce.

Ba a waƙa ta tsaya ba. Mahaifinta na cikin waɗanda suka shirya tattakin Detroit na Yunin 1963, wanda mutum fiye da dubu ɗari suka fito, Martin Luther King yana gaba. King abokin gidansu ne. A Fabrairun 1968 ya zo Detroit ya miƙa mata lambar yabo a gaban jama'a, ranar 4 ga Afrilu kuma aka harbe shi a Memfis, garin haihuwarta, ta yi waƙa a makokinsa. A 1970 da aka kama 'yar gwagwarmaya Angela Davis, lokacin da manya da yawa suka ja baya don tsoron hukuma, Aretha ta fito fili ta ce za ta biya kuɗin belinta, domin daga hannun baƙaƙen fata ta samu dukiyarta kuma a kansu take son kashe ta.

Yanzu ku auna wannan da abin da na ji ranar 16 ga Agusta, 2018. Ina kwance da rediyo a kunne, mai karanta labarai ya ce wata mawaƙiyar Turawa ta rasu a Amurka tana da shekara 76, ya wuce zuwa labarin ƙwallo. Yaron da ya ji wannan layi ɗaya bai san an yi wata mace da ta lashe kyautar Grammy 18 ba, wadda ta zama mace ta farko da aka shigar zauren girmama mawaƙan rok a 1987, wadda ta yi waƙa ranar rantsar da Barack Obama a Janairun 2009. Bai san an ajiye gawarta kwana biyu a gidan tarihin baƙaƙen fata na Detroit talakawa suna layi don yi mata ban kwana ba. Wannan hasara ce da ku kuka jawo masa, domin da Hausa yake jin duniya, kuma ku ne bakin Hausar.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba a cika faɗinsa a fili ba. Da na tambayi wani tsohon abokin aiki dalilin soke shirin, bayan ya gama maganar kuɗi sai ya rage murya ya ce ai rabin waɗannan fayafayin waƙar coci ce, kuma ba sa son fitina.

Ni Musulmi ne, kuma shekarun da na yi ina ɗora allura a kan waɗannan fayafayi ba su rage mini raka'a ɗaya ba. Ba mu ce ku sa waƙar coci a tsakiyar tafsiri ba. Kowane shiri da lokacinsa, kuma wanda ba ya son kiɗa gaba ɗaya yana da haƙƙinsa da maɓallin rediyonsa. Amma ba da tarihin mutum daban, wa'azi daban. Ba yadda za a yi a ba da labarin Aretha a cire coci, kamar yadda ba za a ba da tarihin wani malaminmu a tsallake makarantar allon da ya yi ba. Faifan da na zaro daga buhu shi ne Amazing Grace, wanda ta ɗauka a dare biyu, 13 da 14 ga Janairun 1972, a wata majami'a a unguwar Watts ta Los Angeles, tare da James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa. A lokacin tana kan ganiyarta, kuɗi na shigowa ta ko'ina, ta ajiye waƙoƙin kasuwa ta koma inda ta fara. A dare na biyu mahaifinta ya tashi ya shaida wa jama'a cewa 'yarsa ba ta taɓa barin coci ba. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan biyu a Amurka, ya zarce duk sauran fayafayinta.

Kuma ku tuna su wa ke sauraronku. Akwai Kiristoci masu yawa da Hausa suke ibada, da ita suke waƙa ranar Lahadi, daga Wusasa zuwa Jos, daga kudancin Kaduna zuwa Gombe. Idan za ku je wurin mai talla kuna lissafa su cikin masu sauraro, idan aka zo rabon sa'o'i kuma sai a manta da su. Na tuna wata shugabar mawaƙan coci da ta zo ɗakina da kaset ɗinta sabo a leda, tana roƙon in kwafa mata waƙa ɗaya daga wannan faifai. Turancinta kaɗan ne. Ta zauna a benci, na ɗora allura, waƙar ta haura minti goma, ita kuwa tana buga gwiwa da yatsa a hankali. Sau uku tana sa ni in ɗaga allurar in mayar da ita wuri guda. A na ukun ta ce, "Ka ji inda ta ja numfashi? Nan nake so 'yan matana su ji." Ta zo karatu ne, kuma ɗakin ajiyar gidan rediyo ne makarantar. Yau in jikarta ta zo, tebur da kujerar ofis za ta tarar.

Na uku shi ne zubar da kayan kansa. Na san amsar da za ku ba ni: duk waƙoƙin Aretha suna intanet, wa ke buƙatar faifan garmaho? Gaskiya ne, suna can, ga mai kuɗin data, ga kuma wanda ya riga ya san sunan da zai nema. Amma bari in gaya muku abin da na gani a buhu na biyu. Tef-tef ne na makaɗanmu na gida da aka ɗauka a situdiyon gidan, da hirarraki da dattawan da suka daɗe a ƙasa. Waɗannan ba su da kwafi a Niyok, ba su da shi a Landan. Hannun da ya kwashe Aretha bai tsaya ya tantance ba, tare ya haɗa ya ɗaure bakin buhu.

A labarin Aretha ma akwai abin da ya shafi wannan. A waɗancan darare biyu na 1972, kamfanin Warner ya turo darakta Sydney Pollack ya ɗauki taron a fim. Sai aka yi kuskure, ba a yi amfani da ɗan allon nan da ake tafawa a farkon kowace ɗauka ba, saboda haka aka kasa daidaita murya da hoto. Aiki ya lalace a idon kowa. Amma ba su zubar ba, suka sa a ma'ajiya. Shekaru suka wuce har kwamfuta ta zo da dabarar da za ta haɗa su, wani mai suna Alan Elliott ya ɗauki nauyin aikin. Ita kanta Aretha ta je kotu ta hana a nuna shi tana raye, sai bayan rasuwarta, da yardar iyalinta, aka fitar da shi a ƙarshen 2018. Shekara 46 ke nan. A ciki ana ganin mahaifinta ya taso da hankici yana share mata zufa tana kan fiyano ba ta daina waƙa ba. Da wani manaja ya ce a ba shi ɗakin zai yi ofis, da ba wanda ya ga wannan.

Akwai kuma abin da matasan mawaƙanmu ke rasawa, su da suke cika situdiyo a Kano da Kaduna da Jos. Aretha ta ga yadda aka cuci mawaƙa baƙaƙen fata na gabanta, shi ya sa ta riƙa karɓar kuɗinta a hannu kafin ta hau dandamali, jakarta kuma tana kusa da ita har kan fiyano. Duk da haka, a dokar Amurka gidajen rediyo marubucin waƙa suke biya, ba mai rerawa ba, don haka duk lokacin da aka sa Respect a rediyon ƙasar kuɗin bai shiga aljihunta ba. Sannan ga maganar wasiyya. Ta rasu ana zaton ba ta bar komai a rubuce ba, sai a 2019 aka tsinci takardu da rubutun hannunta, ɗaya a ƙarƙashin katifar kujerar falo. 'Ya'yanta suka shiga shari'a, sai a Yulin 2023 kotu ta tabbatar da ta cikin kujerar. Wane mawaƙi ne a cikin namu ba ya buƙatar jin wannan da harshen da yake ganewa?

Ba kuma muna so a yi mata kwalliya ba ne. Ta haihu tana shekara 12, ta bar makaranta da wuri, aurenta na farko ya zo da wahala. A 1979 ɓarayi suka harbi mahaifinta a gidansa, ya kwanta shekara biyar bai farfaɗo ba har ya rasu a 1984, ta tattaro ta dawo Detroit saboda shi. Daga baya tsoron jirgin sama ya kama ta, ta koma bin mota duk nisan tafiya. A faɗa duka. Mai sauraro ba yaro ba ne.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku dawo da shirin tsofaffin fayafayi. In sa'a guda ta yi muku tsada, rabin sa'a ma mun gode, amma a ba wanda zai yi bincike ya yi bayani, kada a jera waƙoƙi kawai a tafi shan shayi. Mai maganin basir ba zai rasa wani lokacin ba.

Ku ware shiri na musamman a kan Aretha Franklin, ko ranar 25 ga Maris ko 16 ga Agusta, da Hausa tsantsa, a fassara ma'anar abin da take faɗa. A gayyato malamin tarihi daga jami'a da shugabar mawaƙan coci da wani makaɗi na gargajiya su zauna teburi ɗaya. Bayanta akwai Mahalia Jackson da Sam Cooke da sauransu suna jiran nasu makon.

Ku gaya wa masu karanta labarai da masu gabatarwa su daina kiran wannan kiɗa na Turawa. Kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma faɗin hakan bai fi daƙiƙa biyu ba.

Mafi gaggawa, ku dakatar da zubar da duk wani faifai ko tef daga yau, kafin damina ta sauka a kan buhunan nan. A ƙirga su, a rubuta, a kwafe a kwamfuta, a fara da na makaɗanmu na gida waɗanda ba su da na biyu. Gidan da ba shi da wurin ajiya ya tuntuɓi ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, ko Gidan Arewa, ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Aikin tantancewar kuwa mun ɗauke muku, ba ma son ko kuɗin mota. Mai gyaran rediyon da muke zama a shagonsa yana da garmaho mai aiki da allura biyu sababbi, ni kuma har yanzu ina tuna tsarin lambobin.

Faifan da na zaro yana wurina, mai gadi ne ya ce in tafi da shi. Gefe ɗaya ya lanƙwashe, allura tana tsalle a waƙa ta biyu, sauran yana kaɗawa lafiya. Kayan gidan rediyo ne, ba nawa ba. Ranar da aka tanadar masa kanta a ɗaki mai rufi, ku aiko, zan kawo shi da kaina.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin ajiyar fayafayi, a madadin dattawan ƙofar shagon mai gyaran rediyo da iyayenmu mata da suka aiko da saƙo.